'Yan matan sakandaren Indonesiya: mu muna hango musu hutu, su kuma na ciki na ciki

Maman_Hanan_Malang
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ke nan a Malang, gabashin tsibirin Jawa, maigida yana karatu. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya.

Akwai yarinyar maƙwabtanmu, shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare, wadda su ke kira SMA. Wajen kakarta take zaune, uwarta tana Taiwan tana aikin kula da wata tsohuwa shekara biyar ke nan. Kullum kafin ƙarfe shida da rabi na safe ta fito cikin farar riga da siket ruwan toka da farin ɗan mayafinta, ta hau babur. Ba ta dawowa sai bayan la'asar, ta ci abinci a tsaye, ta wuce darasin yamma da suke kira bimbel, sai bayan isha'i. Ita ke yi wa ƙannenta biyu wanki da guga.

Ranar Asabar ta shigo min ina suyar ƙosai, tana sonsa sosai. Muna cikin hira ta zaro wani ɗan kwalba marar suna daga jaka, ta ce in duba mata ko man yana da kyau, a TikTok ta saya, wai yana sa fari cikin kwana bakwai. Na ce me za ki yi da shi, ke da fatarki luwai-luwai? Sai kawai hawaye. Wai a rukunin WhatsApp na ajinsu an sa hotonta ana ce mata baƙa. Wai makinta na lissafi ya sauka, uwarta ta bugo tana cewa wahalar da nake sha a ƙasar mutane saboda ke ce. Wai malama ta tsayar da ita gaban aji saboda gashinta ya leƙo ta goshi.

Ni kafin in zo, in na ga hotunan 'yan matan Indonesiya cikin hijabi fes-fes suna murmushi, cewa nake waɗannan sun huta, ga addini ga boko. Yanzu na rasa ta cewa. Masu sanin ƙasar nan, haka abin yake ko'ina, ko ita ce ta yi rashin sa'a? Kuma ni a matsayina na baƙuwa me zan iya yi mata?

Ummu_Sultan
Wa alaikumus salam. Allah sarki, wallahi har na ji ƙwalla. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abu na farko dai ki raba ta da wannan man.

AbbaGwale
Ni ban ga abin tayar da hankali ba gaskiya. Yarinya tana zuwa makaranta a kan babur, tana da waya, ana biya mata darasin yamma. Ku zo ku ga masu tallan gyaɗa a tasha da rana tsaka. Wannan ai gata ne ya yi mata yawa.

Maman_Hanan_Malang
Malam Abba, ban ce ta fi mai talla wahala ba. Amma na ga hannunta yana rawa lokacin da take maganar uwarta. Wanda ya ƙoshi ma yana ciwo.

Dakta_Rabi
Maman Hanan, bari in fara da man, don shi ne mai gaggawa. Irin waɗannan mayukan marasa suna da ke alƙawarin fari cikin kwanaki, galibi akwai sinadarin makuri a ciki, ko haidurokwinon, ko maganin sitiroyid mai ƙarfi. Makuri yana ratsa fata ya je ya taɓa ƙoda da jijiyoyi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta can, BPOM, kusan duk shekara sai ta fitar da jerin mayukan da ta kama da makuri. Ki nuna mata yadda za ta duba lambar rajistar BPOM a jikin kowane mai, in babu lamba ta zubar.

Na biyu, ki duba cikin fatar idonta da tafin hannunta. Binciken lafiya na ƙasa da suka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 32 cikin 100 na matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 suna da ƙarancin jini, shi ya sa ake raba wa 'yan mata ƙwayar ƙarin jini a makarantu duk mako. Da yawa ba sa sha, wai tana tayar musu da zuciya. Yarinyar da ke fita ba karin kumallo, tana al'ada, tana rage abinci don kar a ce ta yi ƙiba, dole makinta ya sauka. Ba daƙiƙanci ba ne.

Malam Abba kuma, akwai babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwar matasa da Jami'ar Gadjah Mada ta jagoranta, aka fitar a 2022. Ya ce ɗaya cikin uku na yaran Indonesiya 'yan shekara 10 zuwa 17 ya yi fama da wata matsalar damuwa a cikin shekara guda, wato kimanin miliyan 15 da rabi, kuma damuwa mai tsanani ta fargaba ce kan gaba. Waɗanda suka je neman taimako ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Wannan ba gata ba ne.

Sadiq_Jogja
Anti Maman Hanan, sannu. Ni ɗalibi ne a Yogyakarta, shekara huɗu. Abin da kika gani ba rashin sa'arta ba ne ita kaɗai. Maganar karatu bari in fayyace wa 'yan gida.

Kowa burinsa ɗansa ya shiga jami'ar gwamnati, musamman manyan nan: Jami'ar Indonesiya, ITB ta Bandung, Gadjah Mada, ko Brawijaya da ke nan garinku. Hanya ta farko ana kiranta SNBP, makin rahoton yaro na zango biyar ne babban abin da ake dubawa, tun daga ajin farko na SMA. Ma'ana ranar da yarinya ta taka ƙafa a makarantar gasa ta fara, kuma da ƙawarta da suke zama kujera ɗaya take gasar, don makaranta ce ke jera ɗalibanta ta zaɓi waɗanda suka cancanci nema. Wanda bai samu ba sai ya rubuta jarrabawar kwamfuta, UTBK, inda dubban ɗaruruwa ke zama, mafi yawa kuma ba sa samu. Shi ya sa kasuwar bimbel ta buɗe. Sun soke jarrabawar ƙasa ta gama sakandare tun lokacin korona, mutane suka ce yara za su sarara, amma matsin sai ya koma kan makin rahoto.

To ita yarinyar taku, da ta san kuɗin bimbel daga wankin kashin tsohuwa a Taiwan yake fitowa, ta yaya za ta iya cewa na gaji?

Hajiya_Tanah_Abang
Ni fatauci ke kai ni Jakarta, dogayen riguna da hijabai nake saro wa a kasuwar Tanah Abang. Yaran shagunan da nake saye, rabinsu 'yan mata ne da suka gama makarantar koyon sana'a, SMK. Ladabi kamar me, in za su gaishe ka sai su kama hannunka su kai goshi. Amma ba za ki taɓa jin sun ce a'a ba, ko an cuce su murmushi suke. Wata da muka saba ta ce min tun suna yara ake koya musu kar ki ba iyaye kunya, kar maƙwabta su ji. Na ce a raina to ai kamar a gidanmu aka yi maganar.

Malam_Nura_Zariya
Ina so in tsaya kan maganar malamar da ta tsayar da ita don gashi. 'Yan uwa mu yi hattara. Irin wannan labarin ne ƙungiyoyin Turawa ke ɗauka su ce hijabi zalunci ne. Malama ta ga gashi ya fito ta yi gyara, ai aikinta ne. Ƙasa ce da kusan kashi 87 cikin 100 Musulmi ne, in ba su tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan sutura ba wa zai yi?

Zainab_Tarihi
Malam Nura, Allah ya ƙara ilimi. Ni mai hijabi ce kuma ina alfahari da shi, amma tarihin kan 'yar makaranta a Indonesiya ya fi yadda ka ɗauka tsawo, kuma ya kamata mu ji shi duka.

A zamanin Shugaba Suharto, a 1982, ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar kayan makaranta da ta rufe ƙofa ga jilbab, sunan da suke kiran hijabi, a makarantun gwamnati. 'Yan mata a Bandung da Bogor da Jakarta an hana su shiga aji, wasu sun bar makarantunsu, wasu iyayen har kotu suka je. Sai a 1991 aka sassauta. Wato uwayen yaran yau, wasunsu kuka suka yi don a bar su su rufe kai.

Bayan faɗuwar Suharto a 1998 aka bai wa jihohi da ƙananan hukumomi iko, sai abin ya juye. Garuruwa da yawa suka kafa dokar dole. A watan Janairun 2021 a Padang, Sumatra ta Yamma, wata makarantar gwamnati ta matsa wa ɗaliba Kirista ta sa jilbab, mahaifinta ya ɗauki bidiyon ganawarsa da hukumar makarantar ya sa a Facebook, ƙasa ta ɗauka. A Fabrairu ministoci uku, na ilimi Nadiem Makarim, na cikin gida Tito Karnavian, da na addini Yaqut Cholil Qoumas, suka sa hannu a takardar da ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon tilastawa kuma ba ta da ikon hanawa, ban da lardin Aceh mai shari'arsa. A watan Mayu na wannan shekarar Kotun Ƙoli ta soke takardar bayan majalisar gargajiyar ƙabilar Minangkabau ta yankin ta kai ƙara. Wata uku kawai ta yi.

A Agustan 2023 kuma a Lamongan, nan jihar da Maman Hanan take, wata malama ta sa injin aski ta ɓarar da gashin goshin ɗalibai mata sama da goma a ƙaramar sakandare. Dukkansu suna sanye da jilbab fa. Laifinsu ba su sa 'yar hular ciki ba, wadda suke kira ciput. Malam, wace aya ce ta ce a aske kan 'yar mutane a bainar jama'a?

Kar kuma a ce ɓangare ɗaya nake kallo. A Agustan 2024, 'yan sakandaren da aka zaɓo daga kowane lardi don ɗaga tutar ƙasa ranar 'yancin kai, su 18 daga cikin matan masu jilbab ne, amma ranar rantsar da su aka gan su kai a buɗe saboda ƙa'idar kaya iri ɗaya. Jama'a suka yi ca, hukumar da ke kula da su ta ba da haƙuri, ranar 17 ga wata suka fito da jilbab ɗinsu. Shekara arba'in ana ja-in-ja a kan yarinyar nan, wannan ya cire wancan ya ɗaura, ita kuma ba a tambaye ta ba.

Malam_Nura_Zariya
Malama Zainab, maganar aski ba na goyon baya, kuma tilasta wa wadda ba Musulma ba babu shi a addini. Na yarda da wannan. Inda na tsaya shi ne 'yar Musulmi. Ita ba zaɓi ba ne a gare ta, umarni ne. Sai dai na amince gyara a keɓe ake yinsa. Wanda ya yi maka nasiha gaban mutane tozarta ka ya yi.

Baban_Khalil
Wannan tarihin ya tuna min rigimar Legas, inda sai da aka je Kotun Ƙoli a 2022 kafin a tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun jiha. Mu nan muna yaƙin a bar su su sa, can wasu suna roƙon kar a wulaƙanta su a kansa. Ni abin da na ɗauka, duk wanda ya ji zafin abin da aka yi wa 'ya'yanmu a Legas da Ilori ya kamata ya ji zafin na yarinyar Padang.

Ramlat99
Ni ƙarama ce a cikinku amma ku bar ni in faɗi nawa. Ina aji biyar wata malama ta ɗaga siket ɗina da tsinin bulala gaban maza wai ya yi gajarta, alhali tsawo na yi, babanmu kuma ba shi da kuɗin ɗinka sabo. Shekara shida ke nan, har yau in na tuna sai cikina ya juya. Daga ranar ban sake ɗaga hannu a aji ba. Don haka da na karanta na yarinyar nan na san abin da take ji. Ba gashin ba ne. Idanun 'yan aji ne.

Ummu_Sultan
Ramlat, Allah ya saka miki 'yata. Kin yi ƙoƙari da kika faɗa.

Injiniya_Bash
Tambaya nake. Na ji an ce sun hana auren wuri a can. In haka ne ai 'yan matansu sun tsira daga babbar matsala ɗaya.

Lauya_Hadiza
Injiniya, a takarda haka ne. Dokar aurensu ta 1974 ta sa shekara 16 ga mace, 19 ga namiji. Wasu mata uku da aka aurar suna ƙanana suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki, ta yanke hukunci a Disambar 2018, majalisa ta gyara doka a 2019 ta mayar da 19 ga kowa. Amma an bar ƙofa: iyaye na iya zuwa kotun addini su nemi izini na musamman, dispensasi suke ce masa. A 2019 buƙatun dubu 23 ne da 'yan kai. A 2020 suka haura dubu 60. Wani ɓangare saboda 'yan mata 'yan 16 zuwa 18 da da ba sa buƙatar izini yanzu sun shigo lissafi, wani ɓangare saboda korona ta rufe makarantu. Kuma alƙalai kusan duk wanda ya nema suna ba shi.

Dalilan da ake kaiwa kotu su ne inda zancen yake. Ciki, ko tsoron zina, ko an gan su tare maƙwabta sun fara magana. A farkon 2023 labarin garin Ponorogo ya cika kafofi, inda kusan yara 200 suka nemi izinin a shekara guda, akasari saboda ciki. Yarinyar da ta yi ciki kuwa, yawancin makarantu sukan kira iyaye a ce ta janye da kanta don kare sunan makaranta. Abin da ya rage mata shi ne jarrabawar manya da ake kira Paket C. Shi yaron da ya yi mata cikin sau da yawa yana ci gaba da karatunsa.

A tsibirin Lombok kuma akwai al'adar ƙabilar Sasak da ake kira merariq, saurayi ya ɗauke budurwa da dare ya kai ta gidan danginsa. In ta kwana, komawa gida ba aure abin kunya ne. Asalinta al'adar manya ce masu yardar juna, amma yanzu 'yan makaranta na faɗawa ciki.

Malam_Nura_Zariya
To kun gani. In ciki ne ke kai su kotu, ai matsalar ba aure ba ce, sakacin da aka yi da tarbiyyar yara ne. Soyayyar titi da suke kira pacaran ita ce tushen.

Sadiq_Jogja
Malam, a nan ma yarinyar tsakanin wuta biyu take. In ba ta da saurayi ƙawaye su riƙa tsokanarta da jomblo, wato wadda ba kowa. In tana da shi 'yan ƙungiyar addini ta makaranta, Rohis, su riƙa yi mata kallon ɓatacciya. Har akwai wani gangami da aka fara a 2015 mai suna Indonesia Tanpa Pacaran, wato Indonesiya ba soyayyar waje, da ke da mabiya da yawa a Instagram, yana kiran matasa su yi aure da wuri. Ɗaya shafin na nuna mata 'yan wasan Koriya farare sol siraran, ɗaya na nuna mata amarya 'yar 18 cikin niƙabi. Duk a waya ɗaya, duk a dare ɗaya.

Lauya_Hadiza
Ƙari a kan na Malam Nura: malaman addini mata na ƙasar da kansu sun yi magana. A 2017 suka yi babban taro a Cirebon, suka fitar da fatawa cewa hana auren ƙananan yara da ke jawo cutarwa wajibi ne. Ba Turawa ba ne, matan da suka yi karatu a makarantun allonsu na kwana ne, pesantren, masu karanta Fathul Ƙarib da Ihya.

Sannan a tuna, 'yan siyasa sun sha kawo shawarar a yi wa 'yan mata gwajin budurci kafin shiga ko gama sakandare, a garin Prabumulih a 2013, a Jember a 2015. Jama'a suka yi tir aka janye. Rundunar sojan ƙasa ma sai a 2021 ta sanar da daina yi wa mata masu neman shiga wannan gwajin. 

AbbaGwale
To na janye maganar gata. Amma har yanzu ina ganin wayar ce uwar matsala. A ƙwace wayar a huta.

Maman_Hanan_Malang
Malam Abba, da wayar take ganin fuskar uwarta. Da ita malamai ke turo aikin gida. In an ƙwace an yanke mata igiya biyu ke nan.

Takari_Jidda
Maganar uwar ce ta taɓa ni. Shekara tara na yi a Jidda, na yi aiki gida ɗaya da wata 'yar Indonesiya daga Jawa ta Yamma. Duk daren Juma'a in mun gama wanke-wanke sai ta zauna a kan bokiti a bayan kicin ta kira 'yarta. Ba na jin yarensu amma na san muryar faɗa. Tana kashe wayar sai ta kifa kai ta yi ta kuka. Na tambaye ta me ya sa kike mata faɗa bayan kewarta kike? Ta ce min da Larabcinmu na 'yan aiki, in na yi mata taushi zan fashe, in na fashe zan tattara in koma, in na koma wa zai biya makaranta? Don haka Maman Hanan ki gaya wa yarinyar, faɗan nan ba ƙiyayya ba ce. Uwar ma ba ta da wanda za ta jingina da shi.

Ummu_Sultan
Innalillahi. Kowa da kukansa.

Zainab_Tarihi
Don kar a tashi da tunanin ƙasar duk baƙin labari ce, ku sani suna da abin da za mu yi koyi. Mace ta mulke su, Megawati, daga 2001 zuwa 2004. Sri Mulyani ta riƙe ma'aikatar kuɗi shekaru da yawa, har zuwa 2025. Tun 1917 ƙungiyar Muhammadiyya ta kafa reshen mata, Aisyiyah, da ke da makarantu da asibitoci har da jami'a. A 1923 Rahmah El Yunusiyah ta buɗe makarantar addini ta 'yan mata zalla a Padang Panjang, wadda har shugaban Azhar ya ziyarta ya yaba. 'Yan mata na gama sakandare daidai da maza, a jami'a ma sun fi yawa.

Duk 21 ga Afrilu kuma ana bikin Ranar Kartini, 'yar sarautar Jepara da aka cire daga makaranta tana shekara 12 aka kulle a gida jiran miji, ta yi ta rubuta wasiƙu kan ilimin mata, ta rasu a 1904 tana da shekara 25 kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Abin da ke ba ni takaici, a makarantu da yawa ranar ta koma gasar kwalliya, 'yan mata su je gidan gyaran fuska tun asuba su sa rigar kebaya a zaɓi wadda ta fi kyau. Matar da ta yi kukan a bar mace ta yi tunani, da hoda ake tunawa da ita.

Sadiq_Jogja
Gaskiya ne Anti Zainab. Kan tsangwama ma, a binciken ɗalibai na ƙasa da ƙasa, PISA, na 2018 kashi 41 cikin 100 na ɗaliban Indonesiya 'yan shekara 15 sun ce ana tsangwamarsu aƙalla 'yan lokuta a wata, matsakaicin ƙasashen OECD, waɗanda akasari masu arziki ne, kuma 23 ne. A 2023 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'ida cewa kowace makaranta ta kafa kwamitin hana cin zarafi. Akwai kuma malamin ba da shawara a kowace sakandare, guru BK. Matsalar ita ce yara na kallon ofishinsa a matsayin wurin hukunci, don can ake tura masu makara da masu laifi. Yarinyar kirki ba ta so a gan ta tana fitowa daga ɗakin.

Baban_Khalil
Ni akwai wanda na karanta ya ɗaure min kai. A 2023 gwamnan lardin Nusa Tenggara ta Gabas ya ba da umarnin wasu manyan sakandare a Kupang su fara darasi ƙarfe biyar na asuba, daga baya aka mayar biyar da rabi, wai don a koyar da himma. Na ga hotunan yara suna tafiya cikin duhu. Ni uba ne mai 'ya'ya mata uku, na ce wanda ya yanke wannan ko ya yi tunanin yarinyar da za ta bi hanya ita kaɗai ba mota ba fitila? An dai soke daga baya.

Dakta_Rabi
Mu koma kan tambayar Maman Hanan, don mun yi nisa. Me za ki iya yi? Kar ki zama malama ta biyu, tana da masu wa'azi da yawa. Ki bar ƙofar kicin a buɗe. In ta zo ki sa mata abinci mai ƙwai ko hanta ko tempe nasu na waken suya, ki saurara. Amma in kin ga ta daina ci, ko ba ta barci, ko kin ga tabon yanka a hannu, ko ta fara cewa gara ba ta duniya, wannan ya wuce hira. Akwai asibitin unguwa a kowace gunduma, puskesmas, da yawa suna da sashen matasa, wasu a manyan birane har da masanin halayyar ɗan adam, kuma ba tsada. Ki bi ta hannun kakar cikin ladabi, kar ki tsallake ta.

Hajiya_Tanah_Abang
Ki kula da wannan na kakar sosai. Mutanen Jawa ba sa son a shiga musu gida kai tsaye. Ki kai mata ɗan abin hannu, ki kira ta Mbah kamar yadda jikokin ke kiranta, ki yi ta zagaye kafin ki zo kan magana. In kika yi gaggawa za ta yi miki murmushi ta ce to, gobe ki ga an hana yarinyar shigowa.

Malam_Nura_Zariya
Ki kuma gaya mata Bilal baƙi ne, kuma shi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji takun takalmansa a Aljanna. Allah ba ya duban sura, zuciya da aiki yake duba. Su Musulmi ne, za ta gane.

Ramlat99
Malam hakan yana da kyau, amma ni da aka yi min nawa, abin da na fi so a ranar shi ne babba ɗaya ya ce min abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Ba wanda ya ce. Anti Maman Hanan ki fara da wannan.

Maman_Hanan_Malang
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da yamma ta shigo. Na nuna mata yadda ake duba lambar BPOM kamar yadda Dakta ta ce, muka juya kwalbar sama da ƙasa babu komai, ita da kanta ta jefa a kwandon shara. Na faɗa mata maganar Ramlat da ɗan guntun yarensu da na iya. Ba ta ce komai ba, ta dai daɗe tana kallon hannuna da ke kan nata, nawa ya fi nata duhu nesa ba kusa ba. Sai ta tambaye ni ko a ƙasarmu ma ana shafa man fari. Na ce mata ana yi, har a cikin dangina.

Maganar kakar ce ban san ta inda zan fara ba. Hajiya, in kin shigo ki faɗa min, abin hannun me ya fi dacewa? Ina da ragowar kilishi da dabino da aka kawo mana daga gida, amma haƙoranta sun zube.

Hajiya_Tanah_Abang
Dabinon. Ki haɗa da sukari da ganyen shayi, ki je bayan la'asar lokacin da take zaune a baranda.

Injiniya_Bash
Lauya Hadiza, ni har yanzu ina kan maganar Paket C ɗin nan. Wadda ta yi shi tana iya shiga jami'ar gwamnati da shi, ko takarda ce kawai ta neman aiki?